Font mai faɗi da kauri na logo: wanne ne ke ɗaukar Ɗ da Ƙ?

Zanen_Fagge: Assalamu alaikum 'yan uwa masu zane. Don Allah ina neman shawara, aiki ne ya tsaya min tun jiya. Wata Hajiya ce a unguwarmu take yin yogot da fura a roba, ta ba ni aikin logo da sitika da kuma bana na gaban shago. Ta nuna min hoto a wayarta na wani kamfanin waje, irin rubutun nan mai faɗi mai kauri da ake yayi yanzu, wanda O ɗinsa ya baje kamar an zauna a kan taya, ta ce ita dai irin wannan take so ba wani ba. Na samo font mai kama da shi, wallahi ya yi kyau, amma kalmar da take so ta fito ɓaro-ɓaro a jikin robar ita ce ƊANƊANO. Ina bugawa sai Ɗ biyun suka fito sirara da wani font daban, sauran haruffan kuma jibga-jibga, abin ba kyan gani. Tambayata biyu ce: akwai font mai faɗi irin wannan da ke da haruffanmu masu lanƙwasa? In babu ya kuke yi?

MaiFlex_KD: Wa alaikumussalam. Oga ka rubuta DANDANO kawai ka wuce wajen, kowa zai gane. Shekara ta tara ina buga bana ba wanda ya taba dawo min da aiki saboda lankwasa.

Ummi.Designs: A'a Yaya MaiFlex ban yarda ba. Wannan kalmar ƙila a gane, amma ai ba kullum ba. Ni na taɓa yi wa wata mai ɗinki fosta, tana so a rubuta tana da baƙin leshi, font ɗin ba shi da ƙ na bar shi haka, fosta ta fita da "bakin leshi", mutane suka riƙa kiranta suna tambayar bakin leshi na nawa ne yadi, sun ɗauka abin da ake ɗinkawa a gefen zani take sayarwa. Kuɗin sake bugawa daga aljihuna ya fita. Tun ranar ba na wasa da wannan abin.

Zanen_Fagge: Kuma ita Hajiyar tsohuwar malamar makaranta ce, Hausa ta koyar har ta yi ritaya. Abin da ta fara gaya min ke nan, kar ta ga an cire mata lanƙwasa ko ɗaya.

MaiFlex_KD: To in malamar Hausa ce na janye 🙏

Malam_Haruffa: Zanen_Fagge, kafin a zo kan lanƙwasa bari in ɗan yi bayanin irin rubutun da Hajiya ta nuna maka, don in ka san asalinsa ka san inda za ka nema. Shi wannan salon da ake gina harafi da da'ira da layi miƙaƙƙe da kusurwa, kamar da kamfas da rula aka zana, wanda ya fi shahara a cikinsa shi ne Futura, wani Bajamushe Paul Renner ya yi shi ya fito 1927. Har allon ƙarfen da 'yan Apollo 11 suka bari a duniyar wata a 1969 da shi aka rubuta. Amma Futura ba mai faɗi ba ne. Masu faɗin nan da kake magana da yawa cikinsu jikokin wasu font biyu ne na Italiya: Microgramma na 1952 wanda Alessandro Butti da Aldo Novarese suka yi a birnin Turin, manyan baƙi kaɗai gare shi, sai Novarese ya dawo ya yi Eurostile a 1962 ya ƙara masa ƙananan baƙi. In ka duba O ɗinsu ba da'ira ba ce, murabba'i ne da aka goge masa kusurwa, kamar gilashin talabijin na da. Shi ya sa ko yau ka gan shi sai ka ji kamar abin na'ura ne ko jirgin sama. Waɗanda suka yi su Turawa suke yi wa, ba wanda ya yi tunanin Ɗ a lokacin, kuma da yawa cikin masu kwaikwayonsu yau haka suka gada.

Sadiq_Pixellab: Malam ka ba mu lakca kyauta, Allah ya ƙara sani. Ni dai na san Monument Extended shi ne kowa ke sakawa a fostar biki da na waƙa yanzu, duk inda ka leƙa a Instagram shi ne.

Malam_Haruffa: Amin. Eh shi ma cikin dangin yake, na Pangram Pangram ne da ke Montreal a Kanada. Sai dai ku lura, wanda ake saukewa kyauta na gwaji ne da aikin kanka. In za ka sa shi a logon kasuwar wani, lasisi ake saya.

Sadiq_Pixellab: Lasisi kuma? Malam waye zai taso daga Kanada ya zo Kurna ya duba robar yogot?

Hauwa_UX: Ba maganar a kama ka ba ce Sadiq. Kai in wani ya ɗauki zanen da ka kwana kana yi ya goge sunanka ya sayar ya za ka ji? Font ɗaya mai kyau mutum yana iya shafe shekara yana zana shi harafi bayan harafi. Haƙƙi ne. Kuma ga na halal kyauta birjik a Google Fonts, yawancinsu da lasisin OFL, wanda ya yarda ka yi kasuwanci da shi har ma ka gyara shi, abin da ya hana shi ne ka ɗauki font ɗin shi kaɗai ka sayar. Masu faɗi a can akwai Unbounded, akwai Michroma wanda kamar ƙanin Microgramma ne, akwai Syne in ka kai shi ExtraBold yana bajewa sosai, akwai Archivo da za ka iya ja masa faɗi daga 62 har 125 ba tare da ya lalace ba.

Zanen_Fagge: Aunty Hauwa na gode, amma duk suna da Ɗ ɗin?

Hauwa_UX: Kar ka ɗauki maganar kowa a kan wannan, gwadawa za ka yi da kanka, minti ɗaya ne. A shafin kowane font akwai wajen da za ka rubuta abin da kake so ka gani. Ni layi ɗaya na ajiye a waya, kullum shi nake mannawa: Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ Ƴ ƴ ₦. Ka duba kowanne da ido sosai, domin wani lokacin harafin zai fito amma aro aka yi daga wani font, za ka ga kaurinsa bai yi daidai da na kusa da shi ba, irin abin da ya same ka jiya. Kuma ka duba duka takwas ɗin, don a tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ba waje ɗaya suke zaune ba, ɓ da ɗ ƙanana suna cikin rukunin haruffan IPA na masu nazarin furuci, su ƙ da ƴ da manyan baƙin suna wani rukuni daban. Shi ya sa za ka ga font yana da Ƙ amma ba shi da ɗ. Alamar naira ma ka duba tunda za ka sa farashi.

Ɗan_Damagaram: Salamu alaikum, ina gaida manya. Na ji daɗi da ƴar uwa ta saka ƴ cikin layin gwajinta. Ku a Najeriya kuna rubuta 'y ku huta, mu nan Nijar ƴ ce a ƙa'ida, tun 1999 gwamnati ta tsaida haka, ita ake koya wa yara a lakwal. To wahalarmu ta hi taku da harafi guda. Kuma nan Zinder yawancin allunan shago da Faransanci ake rubuta su, sai in an zo aikin ƙungiyoyi ko na lahiya da ake so talaka ya karanta, sannan a tuna babu harafin cikin injin.

Ummi.Designs: Ikon Allah, ni ban taɓa sanin a hukumance kuke amfani da ita ba, na ɗauka son rai ne.

Baba_Atis: Yarana ina ta karanta ku. Ni da burushi da fenti na fara wannan sana'a, allon shago da bayan tirela da gefen bas. Mu a lokacinmu ba a cewa wai harafi babu shi, hannunka ne font ɗinka, in allo mai faɗi ne ka baje harafi, in tsukakke ne ka tsuke shi, lanƙwasa kuwa juya burushi ɗaya ce. Abin da nake so in ja kunnenku a kai shi ne wannan jan da kuke wa rubutu a kwamfuta. Kullum ina gani a titi, yaro ya ɗauki rubutu na daidai ya kama gefensa ya ja don ya cika bana, sai ka ga ƙafafun H sun kumbura kamar turmi, sandar tsakiya kuma siririya kamar tsinke. Ido yana jin ciwon abin ko mai kallo bai san dalili ba.

Malam_Haruffa: Allah ya ja kwana Baba, ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. In ka ja rubutu gefe zuwa kashi 150, duk layin da ke tsaye ya ƙara kauri da rabi, na kwance kuwa yana nan yadda yake. Alhali mai zana font na gaske akasin haka yake yi, yana rage wa layin kwance kauri kaɗan, saboda idon ɗan Adam yana ganin layin kwance ya fi kauri ko da awonsu ɗaya. Ko O na Futura da ake cewa da'ira ce tsantsa, ka mai da ita curve, wato zane ba rubutu ba, ka auna, sama da ƙasanta sun fi gefenta sirantaka, kuma tana ɗan zarce layin da H ke tsayawa a kai, in ba haka ba sai ta yi kamar ta fi sauran ƙanƙanta. Font mai faɗi na asali an sake zana kowane harafi ne don wannan faɗin. Ja da linzami ba ya ba ka wannan.

MaiFlex_KD: Gaskiya ne amma Malam wani lokacin kwastoma na tsaye a kanka yana cewa cika min wajen, kudin bana na biya duka ba rabi ba. Ya za ka yi

Baba_Atis: Sai ka zaunar da shi ka nuna masa biyun gefe da gefe. Wanda ya biya kuɗi ba makaho ba ne.

Abba_3D: Ni fa ina da ja a kan yayin nan gaba ɗaya. Mai shawarma font mai faɗi, mai turare font mai faɗi, makarantar islamiyya ma na ga an yi mata, kowa ya koma kama ɗaya. Yogot da fura abu ne na gida mai sanyi, me ya haɗa shi da rubutun da ya yi kama da na kamfanin kirifto? A ganina Zanen_Fagge ka koma ka ba Hajiya shawara a nemi wani abu mai taushi. Haka aka yi da font ɗin Gotham bayan kamfen ɗin Obama na 2008, kowa ya rufa a kai, da Montserrat ya zo kyauta kuma aka ƙarasa shi, yanzu ka ga fosta goma bakwai Montserrat ne.

Hauwa_UX: Montserrat bai yi laifi ba Abba, yawan amfani ne. Ita Julieta Ulanovsky da ta yi shi, daga tsofaffin allunan unguwarsu ta kwaso shi, unguwar Montserrat a Buenos Aires, shi ya sa ta sa masa sunan. Wannan ne ma abin da ke ci min rai. Ita ta kalli allunan unguwarsu ta fitar da font da duniya ke amfani da shi, mu ga rubutun su Baba a bayan tirela da A Daidaita Sahu, ga zanen Dagi a bangon gidajen cikin gari, ba wanda ya zauna ya mai da shi font. 'Yan Legas sun fara, akwai Danfo da Afrotype suka yi daga rubutun jikin motocin danfo, da Tac One da suka ciro daga tambarin FESTAC 77, bikin al'adun nan da aka yi a Legas a 1977, duk suna Google Fonts, ga Ojuju na Chisaokwu Joboson. Da niyyar harsunan Afirka aka yi su tun farko. Mu muna ina?

Sadiq_Pixellab: Aunty da waya za mu yi? Wasunmu ko laftof ba mu da shi

Hauwa_UX: Na sani Sadiq, ba da kai nake ba. Amma masu kwamfuta a nan sun fi ashirin, kuma FontForge, manhajar zana font, kyauta ce.

Ummi.Designs: Mu dawo kan matsalar bawan Allah, Hajiya na jira. Zanen_Fagge in logo ne kawai ba sai ka samu font mai Ɗ ba. Ga yadda nake yi a manhajar Corel: ka rubuta DANDANO da D na font ɗin, ka danna Ctrl+Q ya zama curve, sannan ka zana lanƙwasar da hannunka. Kar ka ƙirƙiro ta daga sama, ka aro daga jikin font ɗin. Ka buga J ko ƙaramin f a gefe, ka yanko wajen da ya lanƙwashe, shi ne zai zo da kauri da salon da ya dace. A babban Ɗ lanƙwasar hagu take fita daga saman sandar ta sauko kaɗan, ba sama take hawa ba, mutane da yawa suna kuskuren nan sai ta fito kamar D mai ƙaho. Ka haɗe su da weld su zama jiki ɗaya. In ka gama ɗaya ka kwafa ka sa a na biyun don su zo iri ɗaya.

Malam_Haruffa: Daidai ne Malama Ummi. Ƙari ɗaya: a ƊANƊANO matsalar tana tsakanin N da Ɗ na biyu. Lanƙwasar za ta tura N baya, sai rami ya buɗe a ƙarƙashinta, daga nesa a karanta ƊAN ƊANO kamar kalma biyu. To ka gajarta lanƙwasar, kar ta wuce kaurin sandar sosai, sannan ka ɗan buɗa tazarar sauran haruffan don ramin ya ɓace a cikinsu. Ka buga a takarda ka manna a bango ka ja baya taku goma ka duba. Allon kwamfuta yana ruɗi. Kuma ka karanta lasisin font ɗin da ka ɗauka, don a tabbata ya yarda a taɓa siffar harafi a logo. In OFL ne ba ka da damuwa.

Ɗan_Damagaram: Ƙananan baƙi sun hi wuya ma. Cikin font mai kauri ɓ ba ta da wurin da lanƙwasa za ta zauna, cikin harafin ya cinye tsawon duka, sai ta manne da tumbin ta koma kamar 6. Na sha gani.

Abba_3D: Ba wanda ya amsa maganata fa. Na ce shin ma ya dace da yogot?

Baba_Atis: Zan amsa maka ɗana. A allon gaban shago ya dace ƙwarai. Mai tafiya a titi ba ya fuskantar allo, ta gefe yake hango shi, kuma harafi in ka kalle shi ta gefe tsukewa yake yi. Mai faɗi ko ya tsuke yana nan a karance. Mu da ma haka muke yi wa shagon da ke bakin babban titi. A jikin roba ne nake da shakka.

MaiFlex_KD: Nan kam Baba ya fadi gaskiya. Robar yogot zagaye take, harafi bakwai masu fadi sai sun zagaya bayanta, mai saye zai ga DANDA ne kawai a firij sai ya juya robar. In ka rage girman don ya shiga kuma amfanin kaurin ya tafi. Sannan in a leda za a buga ramin A da O yana cikewa da tawada in ya yi kankanta. A wajen yankan sitika da injin plotter dai ba abin da ya kai shi dadi, barewa ba wahala.

Hauwa_UX: Shi ya sa ake kiransa font na kanu, ba na jikin rubutu ba ne. Suna da kalma biyu uku, shi ke nan. Kayan haɗi, lambar NAFDAC, ranar lalacewa, lambar waya, duk ka sa su da font na daidai. Noto Sans yana da haruffanmu gaba ɗaya, Andika na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ma haka. Kar ka rubuta adireshi da mai faɗin nan, layi uku zai ci maka.

Abba_3D: To ai kun dawo kan maganata ta wata hanya. Kalmominmu dogaye ne, GYARE-GYARE, ƘAYATATTUN, wa zai baje waɗannan a fosta? Turawa da kalma mai harafi huɗu suke wasansu.

Ummi.Designs: Muna da gajeru mu ma ai. FURA. NONO. ZUMA. KAJI. Ka rubuta ZUMA da irin font ɗin nan ka ga yadda yake zama daram.

Zanen_Fagge: Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na bi hanyar Aunty Ummi, na yanko daga J, sau uku ina sakewa kafin ta zauna, na farko ta yi tsawo kamar yadda Malam ya faɗa har N ta ware. Na buga a A4 na kai wa Hajiya da la'asar, ta sa tabarau ta daɗe tana kallo, ta ɗora yatsa a kan Ɗ ɗin ta ce yawwa, haka ake rubuta shi. Bana dai an gama magana. Robar ce na naɗa takardar a jiki, kuma yadda Oga MaiFlex ya ce haka ne, O na ƙarshe yana ɓuya. Ina tunanin ko in kwantar da sunan ya hau tsaye a jikin robar daga ƙasa zuwa sama, ko in raba shi layi biyu ƊAN a sama ƊANO a ƙasa.

Malam_Haruffa: Kar ka raba. Malamar Hausa ba za ta yarda a yanka mata kalma ba, kuma ma'anar ma ta canza.

MaiFlex_KD: Tsaye din ya fi, muna yi wa masu zobo haka. Robar nawa ce, 35cl ko 50? Turo min awon in duba maka kafin ka kai wajen bugu.

Zanen_Fagge: Duka biyun take yi Oga. Bari in auna da tef in an kawo wuta in turo.

Ɗan_Damagaram: In ka gama don Allah ka sako hoton Ɗ ɗin kusa-kusa, ina da aiki irinsa sati mai zuwa, nawa har da ƴ a ciki.